Jiragen Dam ɗin Watari na buƙatar kulawa irin ta gidan da ake kwana a ciki

Duk lokacin da jirgin ruwa ya kife da mutane a Arewa, maganar da ake fara ji daga bakin hukumomi kusan ɗaya ce: a daina amfani da kwalekwalen katako, a koma na faiba ko na alminiyom. Ministan da ke kula da harkokin sufurin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya sha yin wannan kira ga gwamnatocin jihohi.

Kiran yana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Amma ga mutanen Bagwai da maƙwabtansu na Bici, waɗanda ke noma da su da tsallake ruwa a Dam ɗin Watari, akwai tambayar da ta riga wannan: wane ne ke duba jirgi da safe kafin a zuba masa mutane?

Jirgin ruwa, na katako ne ko na faiba, yana lalacewa ne a hankali, kullum kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka fi kowa sanin haka su ne mutanen da suka mayar da jirgi gidansu, suna girki da kwana da renon 'ya'ya a cikinsa. Babu mai kwana a jiragen Watari, amma irin kulawar da masu kwana a ruwa ke yi wa jiragensu ita ce abin da ya fi ƙaranci a wannan dam, kuma ita ce mafi arha cikin duk hanyoyin ceton rai da ake ta lissafawa.

Raunin da bai warke ba

Da yammacin Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zuwa garin Bagwai, ya kife a cikin Dam ɗin Watari. Yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne a kan hanyarsu ta zuwa taron Mauludi. Aƙalla mutum 29 ne aka tabbatar da rasuwarsu, mafi yawansu ƙananan yara. Jami'an kashe gobara na Jihar Kano da suka yi aikin ceto sun danganta hatsarin da lodi fiye da ƙima.

A lokacin Bagwai na ƙarƙashin Masarautar Bici, kuma zaman makokin bai tsaya a iyakar ƙaramar hukuma ɗaya ba, domin auratayya da kasuwa da noman rani sun daɗe da ɗinke waɗannan garuruwa. Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta dakatar da jigilar mutane a ruwan, ta kuma kafa kwamitin bincike.

Ba wannan ne karo na farko ba. A shekarar 2008 ma wani jirgi ɗauke da 'yan biki ya kife a wannan ruwa, aka yi asarar rayuka masu yawa. Shekara 13 ce tsakanin musibun biyu, lokacin da ya isa a manta da alƙawura, ya kuma isa katako ya ruɓe.

Labarin bai bambanta ba a sauran sassan Arewa. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi ya rabe biyu a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150 a cikinsa. A watan Yunin 2023, fiye da mutum 100 sun rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki cikin dare. A farkon Oktoban 2024, wani jirgi maƙare da mata da yara mahalarta Mauludi ya nutse a kusa da Gbajibo a Ƙaramar Hukumar Mokwa.

Dalilan da ake ambata kusan ba sa canzawa: lodi, tafiyar dare, rashin rigar kariya da tsufan jirgi. Na ƙarshen nan shi ne wanda aka fi ambata a gurguje a wuce, alhali shi ne ke mayar da ƙaramin kuskure ya zama babbar musiba.

Mutanen da jirgi ne gidansu

A Ingila akwai dubban mutanen da ba su da wani gida sai dogayen jirage 'yan siriri da ke yawo a hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin da ake jigilar gawayi da kayan masana'antu. Tsadar haya a birane irin su Landan ta ƙara yawansu. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragamar kula da hanyoyin ruwa masu tsawon kusan mil 2,000 a shekarar 2012, ita ke ba su lasisi.

Wanda ba shi da matsaya ta dindindin a cikinsu, doka ba ta ba shi damar zama wuri ɗaya fiye da kwana 14 ba, sai ya kunce ya ƙara gaba. Saboda haka dole injinsa ya kasance da lafiya kullum. Kafin a ba shi lasisi sai ya nuna inshora da takardar shaidar binciken lafiyar jirgi, wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu bayan an duba hanyoyin mai da gas da wutar lantarki da kayan kashe gobara. Duk shekara biyu zuwa uku kuma masu jiragen kan fito da su tudu, a kankare gindinsu, a shafa baƙin fenti mai kwalta domin hana tsatsa.

Masu yawo a teku da iyalansu cikin jiragen da iska ke turawa sun fi haka tsanani. Rayuwarsu daga nesa kamar hutu ce, amma rabin ranarsu a gyara take ƙarewa. Da safe a ɗaga katakon daɓe a leƙa ko ruwa ya taru a ƙasa. A auna man inji. A bi igiyoyi da hannu a ji inda suka fara tsinkewa. A ƙara ɗaure abin da ya yi sako-sako. Kowane jirgi na ɗauke da akwatin kayan gyara da littafin da ake rubuta ranar da aka canza kaza da ranar da aka gyara kaza. Dalilin a fili yake: wanda ke kwana a cikin jirgi ya san idan ya bar yoyo yau, shimfiɗarsa ce za ta jiƙe gobe, kuma a tsakiyar teku babu makaniken da za a kira.

Tarihin Joshua Slocum ya isa misali. Shi ne mutum na farko da ya zagaye duniya shi kaɗai a jirgin ruwa, daga 1895 zuwa 1898. Jirginsa mai suna Spray na katako ne, tsawonsa kusan mita 11, kuma tsohon jirgi ne da aka yasar, shi ya sake gina shi da hannunsa katako bayan katako. Wannan jirgi ya ratsa manyan tekunan duniya ya dawo lafiya. A shekarar 1909 Slocum ya sake fita da shi daga gaɓar Amurka, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, kuma waɗanda suka ga jirgin a shekarunsa na ƙarshe sun shaida cewa kulawar da yake samu ta ja baya. Jirgi ɗaya, katako ɗaya, abin da ya canza shi ne hannun da ke kula da shi.

Ba sai an je Turai ko Amurka ba. A Kogin Kwara, Sarkawa masunta sun daɗe da al'adar kwasar iyali da tukwane da komar su, su bi ruwa na tsawon watanni suna yada zango a tsibirai da gaɓa. Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya bi kogin a kwalekwale daga mafarinsa zuwa teku a shekarun 1946 da 1947, ya yi rubutu a kansu. A Mopti ta ƙasar Mali, har yau ana ƙera manyan jiragen katako a bakin ruwa, maƙera na buga ƙusoshi daga tsofaffin ƙarafa, kafintoci na toshe tsakanin katakai suna shafa kwalta. A Yawuri ma ƙera jiragen katako sana'a ce da ake gado.

A irin waɗannan wurare yaro yana tasowa ya san ƙarar katakon da ya fara ruɓewa idan aka ƙwanƙwasa shi, kamar yadda ɗan manomi a Bici ke gane gero da dawa tun suna tsiro.

Tafkin da ya zo ya tarar da manoma

A nan ne Watari ya bambanta. An gina dam ɗin ne tsakanin 1977 da 1980, cikin jerin madatsun ruwan da Jihar Kano ta yi a shekarun 1970, irin su Tiga da Tomas. Ma'ana tafkin bai kai shekara 50 ba. Ya zo ne ya tarar da al'ummar da gadonta noma da kiwo da fatauci ne, ya raba wasu ƙauyuka da garin da suke cin kasuwa da zuwa asibiti.

Akwai masunta a yankin tun da, amma su a rafi da gora da koma daban, jigilar gomman mutane a kan faffaɗan ruwa mai zurfi daban. Jirgi ya shigo a matsayin abin hawa irin babur ko a-kori-kura, ba a matsayin gida ba. Da yamma a ɗaure shi a bakin ruwa, kowa ya tafi gidansa.

Sai dai mutanen wannan yanki ba baƙin kula da muhalli ba ne. Duk mai ɗakin ƙasa a Bici ya san cewa kafin damina ta faɗi sai an yi yaɓe, an gyara indararo, an sake jinkar rumbu. Babu mai jiran soro ya fara zuba kafin ya kira magini, domin kowa ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan tunani ne ya kamata a sauko da shi bakin ruwa.

Yadda jirgi ke mutuwa a tsaye

Jirgin katako haɗin falankai ne da aka buga a jikin haƙarƙari da ƙusa, aka cusa auduga ko tsumma a tsakaninsu, aka bi da kwalta. Katako yana kumbura idan ya sha ruwa, yana tsukewa idan ya bushe. A hunturu da bazara, ɓangaren da ke saman ruwa yana bushewa har tsakanin falankai ya buɗe. Jirgin da babu kaya a cikinsa ba zai nuna komai ba. Ranar da aka yi masa lodi ya nutsa ƙasa da inda ya saba, sai waɗannan kafofi su shiga cikin ruwa, yoyo ya fara ta wurin da matuƙi bai taɓa gani ba.

Don haka ne masu gadon sana'ar ba sa ɗora kaya a jirgin da ya daɗe a tudu sai sun bar shi a ruwa ya sha ya ƙoshi.

Ruwan daɗi irin na dam da na sama ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da katako. Ruwan da aka bari ya kwana a cikin jirgi yana cin haƙarƙarinsa daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Ƙusa tana tsatsa ta sirance, ramin da take ciki ya faɗaɗa. Facin gwangwani da ake bugawa a kan tsaga yana rufe ta daga ido, amma ruɓar tana ci gaba a ƙarƙashinsa. Jirgin da ya rabe biyu a tsakiyar kogi ba a ranar ya fara rabewa ba.

Ruwan da ke cikin jirgi kuma nauyi ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Idan ruwan da ya taru ya kai cikin jarka biyar masu lita 20, to an ɗauki buhun masara mai kilo 100 ke nan wanda bai biya kuɗin jirgi ba. Ya ma fi buhun haɗari, domin buhu yana zama inda aka ajiye shi, shi kuwa ruwa da zarar jirgi ya ɗan karkata sai ya kwarara can gefen ya ƙara masa karkata. Idan fasinjoji suka firgita suka miƙe ko suka ruga gefe guda, magana ta ƙare. Yara sun fi saurin yin haka, shi ya sa lissafin cewa yaro biyu daidai suke da babba ɗaya lissafin banza ne a kan ruwa.

Inji ma yana da nasa. Injin da ake rataya wa jirgi a baya da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa, kuma akwai ɗan siririn ruwa da yake tsartarwa wanda ke nuna cewa famfonsa na aiki. Idan ciyawa ko leda ta toshe mashigar ruwan, inji zai yi zafi ya tsaya. Fetur mai ruwa, fulogi mai datti, ko rashin haɗa man inji daidai a injinan da ke buƙatar haɗi, duk suna kashe shi. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiya yana juya gefensa ga igiyar ruwa, kuma idan babu filafilin tuƙi ko doguwar gora a ciki, sai yadda iska ta yi da shi.

Sannan dam yana da tarkon da kogi ma ke da shi: kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Da rani ya yi nisa, masu noman rani suna jan ruwa, zurfi na raguwa, kututturen da ake wucewa ta kansa a watan Oktoba sai ya zo dab da gindin jirgi a watan Afrilu. Katako mai lafiya zai iya jure bugu ɗaya. Ruɓaɓɓe ba zai iya ba.

To, faiba fa?

Masu cewa a koma faiba suna da hujja. Faiba ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, ba ta da tsakanin falankai da zai buɗe, kuma idan an ƙera jirgin da soso na musamman a jikinsa, ko ya cika da ruwa ba ya nutsewa gaba ɗaya, mutane za su samu abin riƙewa. Itacen kirki na ƙera jirgi ma yana ƙara wuya da tsada. Duk gwamnatin da ta sayo wa Watari irin waɗannan jirage ta yi abin yabo.

Amma faiba tana tsagewa idan ta bugi kututture ko dutse, rana tana gasa ta, jan ta a kan tsakuwa yana cinye gindinta. Gyaranta na buƙatar gam na musamman da zaren gilas da wanda ya iya haɗa su. Alminiyom kuma ba kowane mai walda ne ke iya liƙe shi ba, sai mai na'ura ta musamman. Kafintan da ke Bagwai ko Bici zai iya canza falanki a yini guda. Jirgin faiba da ya fashe a wurin da babu mai gyara, ko dai a jingine shi a koma wa tsohon kwalekwale, ko a liƙe shi da abin da aka samu a ci gaba da lodi.

Duk wanda ya san ƙauyukan Arewa ya san makomar kayan gwamnati da aka raba ba tare da tanadin gyara ba. Rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda ɗan ƙaramin ƙarfe, da taraktocin da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, sun isa shaida. Jirgin faiba da aka yi wa lodi ninki uku kuma zai kife kamar yadda na katako ke kifewa.

Haramci shi kaɗai ma ba ya ɗorewa. Matuƙar tsallake ruwa ya fi zagaye ta tudu sauri da arha, mai haƙuri da mai naƙuda da mai kai tumatir kasuwar Badume za su nemi jirgi. Idan an hana a fili, za a yi a ɓoye, da asuba ko bayan magariba, wato a lokacin da ya fi kowane haɗari.

Abin da ke hana gyara

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan matuƙa. Kuɗin tsallakawa kaɗan ne, fasinjojin talakawa ne, fetur kuma ya ninka farashi tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Matuƙin da ke lissafin man da zai ƙona a kowane sawu zai so ya cika jirgi ya yi sawu ɗaya maimakon biyu. Ranar da aka fito da jirgi tudu domin gyara, ranar babu cefane.

A wurare da yawa kuma mai jirgi daban, matuƙi daban, kamar yadda ake yi a harkar adaidaita-sahu. Mai jirgi yana jiran balas, matuƙi yana neman abin da zai rage masa, gyara ya zama maraya.

Fasinjoji ma suna da nasu kason. Idan magariba ta kawo jiki, babu mai son a bar shi a gaɓa. Matuƙin da ya ce jirgi ya cika yana iya shan zagi daga dattijon da ba zai iya musa masa ba. Ana kuma yawan rufe maganar da cewa ƙaddara ce. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma manomin da ya yarda da ita bai taɓa fasa yaɓe ɗakinsa ba.

Dokoki kuwa akwai su. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 take da hedikwata a Lokoja, ta fitar da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 da suka hana tafiyar dare, suka wajabta sanya rigar kariya. Sai dai daga Lokoja zuwa Badau tafiya ce mai nisa. Dokar da za ta yi aiki a Watari ita ce wadda ke da mai tsaron ta a bakin ruwan.

Abin da za a iya farawa da shi bana

Na farko, a ja wa kowane jirgi layi. A Birtaniya, wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka a kan jiragen da ake cika wa kaya har su nutse da ma'aikata, har aka yi dokar 1876 da ta tilasta zana alamar iyakar lodi a jikin jirgi. Har yau manyan jiragen duniya na ɗauke da wannan alama. A Watari, gwangwanin jan fenti ya isa. Idan ruwa ya taɓa layin, jirgi ya cika. A rubuta adadin mutane a jikinsa da boko da ajami, a ƙirga yaro a matsayin mutum guda. Wannan layi zai zama garkuwar matuƙi a gaban masu matsa masa, domin kowa na ganinsa da idonsa.

Na biyu, a yi wa jiragen rajista, a riƙa fito da kowane tudu sau biyu a shekara: kafin faɗuwar damina, lokacin da hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi da yamma, da kuma bayan kaka, kafin hunturu ya busar da katako. A kifa shi, a ƙwanƙwasa kowane falanki, a soka tsinken ƙarfe a haƙarƙari, a cire facin gwangwani a ga abin da ke ƙasa. Wanda ya tsallake a buga masa lamba da watan da za a sake duba shi. Sarkin Ruwa da masu unguwanni da wakilin ƙaramar hukuma za su iya wannan aiki, idan an ba su iko da ɗan alawus.

Na uku, a samar da masu gyara. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha tana nan a cikin garin Bici, da malamai da ɗakunan koyon aikin katako da ƙarfe da injina. Babu abin da zai hana gwamnatin jiha ta haɗa kai da ita a shirya gajeren horo ga matuƙa da kafintoci da makanikan babura na yankin, a gayyato maƙeran jirgi daga Yawuri su koyar da aikin katako, a kawo masu aikin faiba su koyar da nasu. Duk kwangilar sayen sabon jirgi kuma a sa mata sharaɗin kayan gyara da horo.

Na huɗu, a ware kuɗin gyara tun kafin buƙata ta taso. Ƙungiyar matuƙa za ta iya cire wani ɗan kaso daga kowane sawu a zuba a asusu, tamkar adashi, wanda jirginsa ya hau tudu a biya masa katako da kwalta da abin cefanen kwanakin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, rigar kariya. Gwamnatin Tarayya ta raba dubban riguna a jihohi a shekarar 2025, amma riga ma kayan kulawa ce. Rana tana cinye ta, igiyarta tana tsinkewa, wadda aka mayar matashin zama tana daina ɗaga mutum. A gina mata rumfa a kowace mashiga, a riƙa ƙirga ta, a kuma tabbatar akwai ta yara, domin rigar babba zamewa take yi daga jikin ƙaramin yaro.

Na shida, ranakun taro. Biki da Mauludi da ranar kasuwa su ne ranakun da ake rasa rayuka da yawa a lokaci guda. Duk makaranta ko dangin da za su tsallaka da jama'a su sanar tun da wuri, a tsara sawu-sawu da rana tsaka, a biya kuɗin man kowane sawu. Iyaye na da haƙƙin tambayar malami jirgi nawa aka tanada kafin su saki 'ya'yansu.

Sai kuma aikin kowace safiya, wanda ba ya buƙatar ko sisi daga gwamnati: a kwarfe ruwan da ya kwana, a lura ko ya fi na jiya yawa, a bi jikin jirgi da ido da hannu, a tayar da inji a ga yana tsartar da ruwa, a tabbatar akwai filafili da gora da abin kwarfa guda biyu. Minti goma ne.

Hanya mai kyau da za ta rage wa mutanen Badau da maƙwabtansu dogaro da ruwa ita ce babbar mafita, kuma haƙƙinsu ne su ci gaba da neman ta a wurin duk wanda ya zo neman ƙuri'a. Amma kafin ta samu, jirage za su ci gaba da tsallakawa da mata da yara da marasa lafiya.

Daga 2008 zuwa 2021 an samu shekara 13 da za a iya jan layin fenti a jikin jiragen Watari, ba a ja ba. Tun daga 2021 wasu shekarun suna ta tafiya, katako na shan rana da ruwa. Shugabannin ƙananan hukumomin Bagwai da Bici, da hakimai, da ƙungiyar matuƙa, ba sa buƙatar jiran Abuja kafin su sa ranar da za a kifa jirgi na farko a duba gindinsa.